Ranar da Aka Wanke Allon Ɗanjuma

Duk wanda ya san Dareta ya san Safara'u mai zakara. Ba sana'ar kaji take yi ba, ba ta ma da kajin a zo a gani. Zakara ne guda ɗaya tal, fari, da jan zare ɗaure a ƙafarsa. Ba na sayarwa ba ne, ba kuma a yanka shi ko da wane irin baƙo aka yi. In ka tambaye ta sai ta ce, "Na Ɗanjuma na," ta ci gaba da abin da take yi. 'Yan gari ba sa tambaya don sun san zancen. Baƙo ne bai sani ba, to ga yadda abin yake.

Safara'u 'yar Gummi ce, 'yar masu noman shinkafa a bakin gulbi. Aure ya kawo ta Dareta, gidan Sanusi, wani manomi mai sanyin hali da ke zaune da uwarsa Marka. Ɗanta na fari ranar Juma'a ya zo, aka raɗa masa Bilyaminu. Da yake ɗan fari ne, kunya ba ta bari uwa ta kama sunansa, sai take ce masa Ɗanjuma, sunan kuma ya bi shi. Kai, yaron nan ya yi surutu! Yana shekara uku ya iya kwaikwayon ladan, ya toshe kunne da yatsa ya hau bayan turmi yana kiran salla, awaki na kallonsa. A lokacin Safara'u na goye da ƙanwarsa Nana.

Sai zinari ya ɓulla. Maza suka ajiye fartanya suka shiga ramuka, suna fito da duwatsu buhu-buhu. To wa zai baje dutse mai zinari a waje idon kowa na kai? Cikin gida ake shigowa da shi, mata su daka, su tankaɗe, su shanya. Safara'u kuwa a daka ba ta da na biyu, ana jin taɓaryarta tun daga bakin masallaci. Tana daka Nana na bayanta. Garin dutsen ya fi garin tuwo laushi, shi ya sa Ɗanjuma ke son wasa a cikinsa, ya yi birgima, ya lashi yatsunsa, ya tashi fari fat har gira. Ita kuma ta yi ta dariya tana kiran maƙwabta su zo su gani. Wannan dariyar har yau ba ta yafe wa kanta ita ba.

A shekarar dubu biyu da goma yara suka fara jijjiga. Wannan gida kuka, wancan gida kuka. Aka ce iska ce, aka ce mayu ne, aka ce zazzaɓi ne mai zafi. Nana ta kwana biyu tana shiɗewa, ta cika a na uku. Ba a gama karɓar gaisuwa ba Ɗanjuma ya kama. Daga baya likitoci suka zo suka ɗebi jinin yara, suka ce gubar dalma ce, a cikin dutsen take. Aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zubo sabuwa. Ɗanjuma ya sha magani mako da makonni, ya tashi. Amma wanda ya tashin ba shi ne mai kiran salla a bayan turmi ba. Yana jan ƙafa, yawu na zuba, maganar nan duk ta tafi sai "Inna" da "ruwa". Wata likita da ba ta jin Hausa ta sa tafinta ya gaya wa Safara'u cewa yaron zai rayu, sai dai kansa zai yi nauyi, kada ta ɓoye shi a ɗaki, ta bar shi cikin yara.

Marka ba ta yarda da zancen dalma ba. Wata safiya tana zaune tana kallon yaron yana fama da ludayin kunu, sai ta ce, "Wanga ba jikana na ba. Ɗan ruwa na, an musanya muna shi. Ke 'yar bakin gulbi ta, kin san abin da aka yi da irinsu. A kai shi gaɓa a aje, masu shi su ɗauki abinsu."

Safara'u ba ta taɓa ɗaga ido ta dubi surukarta ba tun da ta shigo gidan. Ranar ta ɗaga.

"Inna, ni na haihe shi, ni kuma na daka abin da yac ci shi. Ba ruwa na ba, turmina na."

Sanusi na bakin ƙofa yana ji. Bai ce a kai shi gulbi ba, bai kuma ce kada a kai shi ba. Bayan 'yan watanni ya bi masu haƙa zuwa wajen Bukkuyum, daga nan zuwansa gida ya zama sai da salla. Ba mugu ba ne, kunya ce ta kore shi, don a majalisa in an ce "uban dolon nan" kowa ya san da wa ake.

Da Ɗanjuma ya kai bakwai, Safara'u ta yi abin da uwar ɗan fari ba ta yi. Ta sa mayafi, ta riƙe hannunsa tsakiyar gari kowa na gani, ta kai shi firamare. Mata suka yi ta leƙe ta katanga suna cewa ba ta da ta-ido. Kwana tara ya yi a makarantar. A na tara ya dawo da riga a yage, yara na binsa suna tafi suna "Dolo! Dolo!" shi kuma yana dariya don ya zaci wasa ake yi da shi. Hedimasta ya yi mata magana da tausayi. Ya ce malami ɗaya ne a kan aji maƙil da yara, wa zai koyar, wa zai share yawu? Ya ce akwai makarantar irinsu a birni. Birnin da Safara'u ba ta taɓa takawa ba!

Daga nan ta wuce da shi gindin tsamiya, wurin Modibbo. Modibbo tsohon Bafillace ne da ya bar wa 'ya'yansa shanu ya zauna a gefen gari yana karantar da yara. Ya dubi Ɗanjuma ya daɗe, sannan ya ce, "Allah bai ce sai mai wayo ba. Aje shi nan kusa da buzuna." Ya ɗauko sabon allo ya rubuta masa surar farko, wadda ba a salla sai da ita, aya bakwai, da rubutunsa irin na mutanen dā, mai kauri, mai manyan ƙugiyoyi.

Ka'idar makarantar allo kowa ya san ta: ba a wanke wa yaro allo sai ya biya karatunsa ba gyara, sannan a wanke a ɗora masa na gaba. A wurin Modibbo kuma wankin farko da sadaka yake tafiya, uwa ta kawo gumba ko ƙosai a raba wa yara. Safara'u ta ce ita ba gumba za ta kawo ba.

"Ran da anka wanke allon wanga yaro, Modibbo, zakara zan yanka."

Modibbo ya yi dariya har rawaninsa na rawa, ya ce to Allah ya nuna musu. A ranar ta kama ɗan tsako fari ta ɗaura masa jan zare. Abin da take so a duniya ke nan, ba ƙari: a wanke allon ɗanta sau ɗaya, a faɗa a gaban mutane cewa shi ma ya biya, masu cewa ɗan ruwa su ji da kunnensu.

Yaran da suka fara tare da shi cikin makonni suka wanke. Ɗanjuma sai da ya shekara biyu kafin aya ta farko ta zauna. Kuma ga yadda karatunsa yake: sai ya ɗora yatsa a kan baƙin farko, can sama inda itacen allon ke da wani ɗan ido, sannan bakinsa ya buɗe, yatsa na tafiya murya na bin sa. In ka karɓe allon, ko ka rufe rubutun da hannu, shi ke nan, ko kalma ɗaya ba ta fita. Modibbo ya gane haka tun da wuri. Tawada kuwa tana koɗewa, balle wadda yatsa ke bi kullum. Saboda haka duk ranar Laraba, kafin a tashi hutun Alhamis, sai tsohon ya karɓi allon ya bi kan rubutun da alƙalami, daidai inda yake, ba ya kauce ko kaɗan. Ɗanjuma ya fi son wannan lokacin da komai. Ya durƙusa gefensa yana kallo yana dariya, yawu na ɗiga kan buzu, Modibbo bai taɓa cewa tak ba.

Shekaru suka yi ta wucewa, zakaru ma haka. Na farko muzuru ya ɗauke. Na biyu annobar kaji ta tafi da shi. Na uku ya tsufa har cara ta gagare shi, ya mutu a gindin randa. Duk wanda ya tafi sai ta ɗaura wa wani zare. Mata suka mai da abin tsokana, in sun haɗu a gidan suna sai ka ji ana, "Safara'u, yaushe muka cin naman nan? Haƙoranmu hwa suna zuba!" Ita ma takan yi dariya, in ta koma ɗaki ta share ido. Tsaran Ɗanjuma suka yi sauka, wasu suka shiga rami, wasu har da mata. Shi yana nan kusa da buzu. Cikin shekara goma ya samu aya huɗu, a nan ya tsaya cak. Safara'u na lissafi a ranta, saura uku, in Allah ya ba Modibbo rai.

Allah bai ba shi ba. Da daminar bara ya kwanta kwana biyar, aka kai shi makwancinsa. Ɗanjuma ya ci gaba da zuwa gindin tsamiya, ya zauna inda buzun yake a dā. Ba mai bin rubutun ranar Laraba yanzu, don haka Safara'u ta yago tsohon zane tana naɗe masa allon saboda ruwa da gumi.

Makarantar ta koma hannun Malam Haris, ɗan ƙanen Modibbo, matashi da ya yi karatu a Sakkwato. Ya kafa rumfar kwano, ya kawo benci da baƙin allo na bango, ya raba yara aji-aji. Gaskiya yara sun ƙaru da shi, kada a rage masa. Amma a wane aji za a sa mai shekara sha bakwai, gemu ya fara tsiro, yana zaune tsakanin 'yan shekara biyar? Iyaye suka fara kawo ƙara. Wannan ya ce 'yarsa na tsoro. Wancan ya ce ɗansa ya fara kwaikwayon zubar yawu. Wata mai ciki ta aiko cewa ba ta iya biyowa ta hanyar, kada ta yi ta kallonsa abin cikinta ya ɗauko. Ji wani zance, don Allah! Yaron da ko kiyashi bai taɓa takawa da gangan ba.

Malam Haris ya zo har ƙofar gida, ya tsaya a zaure, Safara'u na daga ciki. Bayan gaisuwa ya ce, "Inna, yaron nan ya yi iyakar abin da Allah ya hore masa. Irinsu ma ba a rubuta musu laifi, ko bai yi salla ba babu komai a kansa. Na san zancen zakaranki. Ranar Laraba mu wanke masa allo, a yi addu'a, a ci sadaka, ya dawo gida ya huta da mutuncinsa."

"Malam, huɗu gare shi," in ji ta. "Bakwai aka biɗa."

"Na sani. Yara za su taya shi sauran."

Ta san huɗu ba bakwai ba ce, ta kuma san korar ce aka shafa wa mai. In ta ƙi, za a kore shi haka nan, ba wanki ba sadaka, shekara goma ta tashi a banza, a ce da ma an faɗa mata. In ta yarda, ko ba komai za a ce ya biya. Ta gaji, wallahi ta gaji. Kada wani ya zarge ta sai ya yi kiwon zakara shida tukuna. Ta ce, "To, Allah shi kai mu."

Ranar Laraba da hantsi aka yanka zakara na shida. Sanusi ya zo daga Bukkuyum, shi ya yanka da hannunsa. Aka dafa shinkafar da 'yan'uwanta suka aiko daga Gummi. Har Marka, da yanzu sai da sanda, ta ce a ɗauko mata mayafinta. Aka sa wa Ɗanjuma sabuwar riga shuɗiya, yana ta shafa ta yana nuna wa kowa. Bayan la'asar aka taru a rumfa, maza a gaba, mata can baya wajen tsamiya.

Aka zaunar da shi a tsakiya. Ya warware zanen, ya ɗora yatsa a kan ɗan idon itacen nan, ya buɗe murya. Rubutun ya koɗe har da ƙyar ake ganinsa, amma shi ya san hanyarsa. Aya ta farko, ta biyu, ta uku, ta huɗu, tsaf, ba gyara. Wasu daga cikin mazan nan ba su taɓa jin muryarsa ba sai ranar, sai ga su suna gyara zama. Kafin shirunsa ya fito fili Malam Haris ya ɗaga hannu, yara suka ɗauka gaba ɗaya suka ƙarasa sauran ukun da ƙarfi.

"Ya biya!" in ji Malam Haris. "Bilyaminu ya biya!"

Mata suka rangaɗa guɗa. Safara'u ta dafa tsamiya. Shekara goma take jiran kalmar nan.

Malam Haris ya miƙa hannu, Ɗanjuma ya ba shi allon da sauri, ya matso ya durƙusa gefensa yana dariya. Laraba ce ai. Ya zaci an dawo bin rubutu. Sai ya ga an jingina allon cikin ƙwarya, an kwara masa ruwa daga buta, tafin hannu ya bi ta kai sau ɗaya, sau biyu. Rubutun Modibbo ya narke ya gangara.

Dariyar ta tsaya. Aka miƙo masa allon a jiƙe, fes. Ya ɗora yatsa a kan idon itacen, ya buɗe baki. Ya ɗaga yatsan ya sake ɗorawa. Ya juya bayan allon ya duba. Ana ta guɗa, ana ta raba shinkafa, shi kuwa bakinsa a buɗe, ba abin da ke fita.

Malam Haris ya lura. Nan take ya goge allon da gefen rigarsa, ya shanya shi a rana ya sha iska, ya ɗauki alƙalami ya sake rubuta surar gaba ɗaya. Hannunsa mai kyau ne, siriri, irin na littattafan bugu da ya yi karatu da su. Ɗanjuma ya duba sama, ya duba ƙasa, ya tura masa abinsa.

"Ba nawa ba," ya ce.

Naman zakaran kowa ya ci a ranar, har Marka ta tsotsi ƙashi. Ɗanjuma bai taɓa ba, uwarsa ma haka. Ruwan wankin allo ba a zubar da shi a ƙasa, akan ba yaro ya sha don albarka. Safara'u ta aika a ce wa Malam a ba ta shi. Ta juye a kwano, ta rufe da faifai, ta kai gida tare da allon.

Washegari da safe tana shara Ɗanjuma ya fito da allon. Ya goge rubutun Malam Haris da sabuwar rigarsa, duk gabanta ya yi baƙi. Ya tsaya a gabanta ya miƙo.

"Inna, karatu."

Safara'u ta iya surar da ka, da ita take salla tun tana yarinya, amma ba ta taɓa riƙe alƙalami ba. Ko da ta iya, ina za ta samo hannun Modibbo? Ta ajiye tsintsiya, ta zaunar da shi, ta kama yatsansa ta ɗora a kan idon itacen, ta karanta masa a hankali tana jan yatsan bisa allon da babu komai. Ya bar ta ta ja har ƙarshe. Sannan ya sake cewa, "Inna, karatu."

Sai ta tashi ta ɗauko kwanon, ta buɗe faifan. "Ga shi nan," ta ce. "Duk shina ciki, ba abin da yab ɓace."

Ya leƙa. Ruwa ne baƙi-baƙi. Ya tsoma yatsa a ciki yana juyawa a hankali, yana neman inda ake farawa.

A nan kukan ya ƙwace mata. Ita ta daka dutsen da ya ɗauke masa magana, ita kuma ta ce "to" aka wanke 'yar wadda ya samu. "Bilyaminu," ta ce, karo na farko tun da ta haife shi. Bai waiwayo ba. Bai saba jin sunan a bakinta ba, kuma hankalinsa na cikin kwanon.

Ta juye ruwan a kwalba ta toshe da ɓawon masara. Kullum da safe yanzu yakan ɗauki allonsa da kwalbarsa ya tafi gindin tsamiya, nesa kaɗan da rumfa inda ba mai kawo ƙara, ya zauna, yatsa a kan idon itacen. Malam Haris ya gwada kwaikwayon hannun baffansa har sau uku, bai karɓu ba. Tun ranar Larabar nan ba wanda ya sake jin aya ɗaya a bakin Ɗanjuma.

A makon ne Safara'u ta kama wani ɗan tsako fari ta ɗaura masa jan zare. Shi ne zakaran da za ka gani a tsakar gidanta in ka je, na bakwai ke nan. Matan garin sun daina tambayarta yaushe za a ci nama.